Mun gano tsohon murhun jin ɗumi a bangon falo: mu buɗe shi ko mu bar shi a toshe?

Baban Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini a cikinku. Muna gyaran gidan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a tsohuwar GRA ta Bauchi. Gida ne irin na ma'aikata da aka gina tun zamanin Turawa, mai kaurin bango da dogayen tagogi da baranda. A falon akwai wani wuri da bango ya turo ciki kamar ƙafa ɗaya da rabi, faɗinsa ya kusa ƙafa biyar, tun daga ƙasa har silin. Mun tashi muna ganinsa ba mu taɓa tambayar dalilinsa ba, domin kabad ɗin kwanuka ne a jingine a gabansa shekara da shekaru. Shekaranjiya birkila yana kankare tsohuwar filasta saboda wani tabo mai ruwan ƙasa da yake fitowa a wurin duk damina, sai ya tarar ginin na jan bulo ne, amma daga ƙasa a tsakiya akwai wani fili mai siffar ƙaramar ƙofa da aka cike da bulon siminti, kuma idan aka ƙwanƙwasa sai a ji alamar rami a ciki.

Na kira gwaggonmu, wadda ta zauna a gidan tana budurwa, ta ce murhu ne na jin ɗumi, da idonta ta ga ana hura wuta a cikinsa lokacin sanyi, kuma an toshe shi ne jim kaɗan bayan ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, sa'ad da aka yi wa gidan kwaskwarima. Birkilan ya ce a rushe tudun gaba ɗaya falo ya ƙara faɗi. Ni kuwa zuciyata ta fi karkata ga a buɗe shi a mayar da shi aiki, saboda mahaifiyarmu ta manyanta, sanyin hunturu yana kama mata gwiwoyi, kuma duk Disamba da Janairu da kaskon gawayi take kwana a ɗaki. Wanne ya fi dacewa, kuma ta ina ake farawa?

Injiniya daga Gombe:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kafin komai, ka dakatar da birkilan, kada ya ɗora guduma a kan tudun nan. Abin da kake gani a falo gindin ginin ne kawai. A cikinsa akwai bututun hayaƙi da ya haura ya ratsa silin, kuma a yadda ake gina shi yakan ɓullo ta saman rufi. Idan aka rushe na ƙasa aka bar na sama, to an bar tulin jan bulo a saman kan mutane ba tare da abin da ya tokare shi ba, kuma ba lallai ne ya rufto a ranar ba, yana iya jira sai an yi fenti an shigo da kujeru. A wasu gidajen ma katakon rufi a jikin wannan ginin yake dogare.

Tambayata gare ka ita ce: ka fita tsakar gida ka ɗaga kai, kana ganin wani gini ya ɓullo ta saman kwano daidai inda murhun yake? Sannan an taɓa sauya rufin gidan?

Baban Nana:
Injiniya na gode. Yanzu na zagaya gidan, babu abin da ya ɓullo ta sama, kwano ne shimfiɗe. An sauya rufin tun Baba yana da rai, fiye da shekara 20 ke nan.

Injiniya daga Gombe:
To, ai nan maganar take. Kusan tabbas masu sauya rufin sun sare kan bututun ne suka bar shi a ƙarƙashin kwano, domin hakan ya fi musu sauƙi a kan su yanka kwano su zagaye shi. Idan haka ne, kuma aka buɗe bakin murhun aka hura wuta, hayaƙi da tartsatsi za su haura su zube a tsakanin silin da kwano, inda babu komai sai busasshen katako da wayoyin lantarki da ƙurar shekaru. Mutum yana zaune a falo yana jin ɗumi, rufin gidansa yana ci da wuta bai sani ba. Saboda haka kada ko takarda ɗaya a ƙona a wurin da sunan gwaji. Ka sa kafinta ya hau cikin silin da tocila, da sassafe kafin kwano ya yi zafi, ya taka a kan katako kawai, ya ɗauko maka hoton inda ginin ya tsaya da abin da yake kansa.

Maman Sadiq:
Yaya Baban Nana, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a bayaninka shi ne kaskon da Hajiya take kwana da shi. Wannan ya fi maganar murhun gaggawa. Gawayi idan yana ci a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari, ita ce dai irin wadda take hallaka iyalai idan aka kwana da janareta a cikin gida. Tana kama jini fiye da yadda iskar da muke shaƙa take kama shi sama da sau 200, don haka jiki yana rasa abin da yake buƙata alhali mutum yana numfashi kamar kullum. Alamominta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abubuwan da tsofaffinmu suke ɗorawa a kan sanyi ko hawan jini, kuma mai barci ba ya ma jin su. Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan garwashi ya yi ja hayaƙi ya ɗauke to hatsari ya wuce, alhali jan garwashin yana ci gaba da fitar da ita.

Ina roƙonka tun daga daren yau a riƙa fitar da kaskon kafin ta kwanta. A ɗumama ɗakin da shi da yamma taga tana buɗe, sannan a ƙara mata bargo da safa, a sa mata ruwan ɗumi a gora mai murfi a naɗe da zane a wajen ƙafafu. Ka tambaye ta ko takan tashi da ciwon kai da asuba a lokacin sanyi.

Abu Fatima:
Ni dai da za a ji tawa, a bar wannan murhu yadda aka same shi. Bauchi ba Jos ba ce. Sanyin da yake sa mutum neman wuta a garin nan bai wuce na 'yan makonni ba, daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, da zarar Maris ya kama kuma kowa neman inuwa yake. Turawan da suka gina shi sun zo ne da al'adar ƙasarsu, kuma waɗanda suka toshe shi ba wawaye ba ne, sun zauna a gidan sun ga abin da yake jawowa. Rami ne daga sama har cikin falo, ta nan ƙurar hunturu za ta shigo, ta nan sauro da jemage da ƙadangare za su shigo, idan aka yi rashin sa'a har da maciji. Ga maganar itace. Duk wanda yake bin hanyoyin da suka fita daga Bauchi yana ganin buhunan gawayi da kayan itace jere a bakin titi, ya san abin da ake yi wa dazukanmu. Kuɗin da za a kashe wajen tayar da bututu gara a sa shi a gyara ɗakin Hajiya, a toshe kafofin tagogi, a shimfiɗa mata darduma mai kauri.

Baba Birkila:
Ɗana Baban Nana, na yi shekara sama da 40 ina wannan sana'a, kuma irin wannan murhu ya taɓa biyowa ta hannuna a tsofaffin gidajen ma'aikata. Maganar Injiniya gaskiya ce, a fara da sama. Amma bari in gaya maka yadda ake buɗe bakin idan lokacin ya yi, domin a nan yaran yanzu suke ɓarna.

Ba a farawa daga gefe, kuma ba a farawa da babbar guduma. A fara kankare filastar har a ga iyakar tsohon gini da sabon ciko, tunda ka ce jan bulo ne da bulon siminti, bambancin ba zai ɓuya ba. A bi sama a nemo abin da ya ɗauki nauyin bakin. Wani lokaci linta ce ta kankare, wani lokaci faffaɗan ƙarfe ne aka gicciya, wani lokaci kuma jan bulo ne aka jera shi a lanƙwashe kamar baka. Duk abin da yake ƙarƙashin wannan ciko ne, ana iya cire shi. Duk abin da yake samansa gini ne, ba a taɓa shi. Idan aka kankare ba a ga ko ɗaya ba, to masu toshewar sun cire shi, kuma cikon da suka yi shi ne yake riƙe da bangon yanzu, sai an tokare sama an sa sabuwar linta kafin a zare bulo ko guda.

Idan an ga lintar lafiya, sai a cire bulo ɗaya na can sama a tsakiya, a leƙa da tocila, a bi a hankali daga sama zuwa ƙasa. A fitar da kaya daga falon, a rufe ƙofofin ɗakuna da leda, domin abin da zai zubo na kunkunniya da ƙasa da tarkace yana iya cika buhu da yawa, kuma kunkunniya idan ta kama labule ko katifa ba ta fita da sauƙi.

Abu na ƙarshe, ka duba abin da aka haɗa jan bulon da shi. Idan ka kankara da ƙusa ka ga fari ne yana marmashewa, farar ƙasa ce da yashi, ba siminti ba. Kada birkilanka ya ce ya lalace ya cusa siminti mai ƙarfi a ciki. Tsohon gini yana motsi kaɗan da zafi da sanyi, farar ƙasa tana bin sa, siminti kuwa ba ya bi, sai ya riƙe ya fasa bakin bulon. Cikin murhun ma, inda wuta take zama, siminti irin na gini tsagewa yake yi idan ya sha zafi, wurin yana son bulo mai jure wuta da yumɓu.

'Yar Wunti:
Allah ya saka wa Baba da alheri, wannan bayani ba a samun sa a aji. Ina so in amsa wa Malam Abu Fatima. Gaskiya ne Turawa ne suka zo da wannan fasali, amma jin ɗumi a cikin ɗaki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu suna da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi da ake zuba garwashi, tsofaffi da masu jego suna kwanciya a kai. Abin da murhun bango ya ƙara shi ne hanyar da hayaƙi zai bi ya fita, wato daidai abin da kasko ya rasa, wanda Maman Sadiq take jan kunne a kansa.

Sannan hannun da ya ɗora jan bulon nan na mutanenmu ne, ko da zanen na Bature ne. Muna alfahari da ginin Babban Gwani da ke Kafin Madaki, muna kai baƙi su gani, amma gidajen tsohuwar GRA ana ta rushe su ɗaya bayan ɗaya ana tayar da benaye, ba wanda yake ɗaukar ko hotonsu. Ni a ganina ko ba za a hura wuta a ciki ba, a buɗe shi a wanke jan bulon a bar shi a fili, jikokin gidan su san yadda aka zauna a da.

Abu Fatima:
Malama, ban ƙi a adana tarihi ba. Abin da na ƙi shi ne a ce za a magance sanyin tsohuwa da shi. Hajiya a ɗakinta take kwana, murhu kuma yana falo.

Injiniya daga Gombe:
A wannan gaɓar Malam Abu Fatima yana da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata Baban Nana ya ji ta tun kafin ya kashe kuɗi. Buɗaɗɗen murhu irin wannan mafi yawan zafinsa bututu yake bi ya fita. Wanda yake zaune a gabansa yana jin ɗumi a fuska da ƙafafu, amma wutar tana jan iskar ɗakin tana fitarwa sama, iska mai sanyi kuma tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ta maye gurbinta, har ɗakunan da ke nesa su iya ƙara sanyi. Su kansu Turawan sun daɗe da sanin wannan aibi. Tun a 1796 wani masani da ake kira Rumford ya yi rubutu a Ingila kan yadda za a rage zurfin murhu, a karkata bangayen gefensa, a matse maƙogwaronsa, domin zafi ya riƙa dawowa cikin ɗaki. Saboda haka wurin hira ne bayan sallar isha'i, iyali su taru Hajiya ta gasa gwiwoyinta, amma ba zai ɗumama mata gado ba.

Baban Nana:
'Yan uwa na dawo da bayani. Da farko, Maman Sadiq, na tambayi Hajiya, ta ce tabbas takan tashi da nauyin kai a lokacin sanyi, ita a zatonta rashin barci ne. Jikina ya yi sanyi da na ji haka. Mun yi magana da ƙanwata da take kwana kusa da ita, kaskon ba zai sake kwana a ɗakin ba.

Kafinta ya hau yau da safe, kuma yadda Injiniya ya faɗa haka aka tarar. An sare bututun, ya tsaya kamar ƙafa biyu ƙasa da kwano, bakinsa a buɗe, kuma akwai katako guda da aka gicciya a kansa kai tsaye. Daidai samansa akwai inda kwano biyu suka haɗu, ga alamar yoyo a jikin katakon, har ya fara ruɓewa. A ƙasa kuma mun bi yadda Baba Birkila ya ce, muka sami faffaɗan ƙarfe a saman bakin, jan bulo a jere a kansa. Ƙarfen ya yi tsatsa sosai, gefe ɗaya ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawo, kuma akwai 'yar tsaga a bulon da ke samansa. Mun cire bulo ɗaya kawai muka leƙa. Cikin cike yake da baƙar ƙasa da fasassun bulo, da wani abu mai yawa kamar ƙwayar shinkafa baƙa wanda kafinta ya ce kashin jemage ne, warin kuma ba daɗi. Mun mayar da bulon mun tsaya. Kafintan ya kuma ce silin ɗin falon irin tsohon nan ne mai tauri kamar siminti.

Maman Sadiq:
Alhamdu lillahi da aka cire kaskon. Idan nauyin kan bai daina ba bayan 'yan kwanaki, a kai ta asibiti a duba jininta. Game da kashin jemagen, kada a share shi a bushe. Akwai wata ƙwayar cuta dangin funfuna da take rayuwa a cikin tsohon kashin jemage da na tsuntsaye, idan ƙurar ta tashi aka shaƙa tana kama huhu, kuma ta fi tsanani ga tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki. A yayyafa ruwa ya jiƙa kafin a kwashe, masu aikin su sa takunkumi mai kyau wanda ya kama fuska da safar hannu, a ƙulle shi a leda. Hajiya da yara su bar gidan ranar.

Injiniya daga Gombe:
Yanzu ka san asalin tabon da yake fitowa duk damina. Ruwa yana ɗiga daga mahaɗar kwano ya faɗa cikin bututun, ƙasa kuma a toshe babu iskar da za ta busar da shi, sai ya jiƙa tsohuwar kunkunniya ya ratso bulo da launinta. Kunkunniyar tana barin wani gishiri a jikin bulo mai jan laima, shi ya sa fenti ba ya rufe irin wannan tabo. Ruwan ne kuma ya ci ƙarfen. Ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi ya ɗaga abin da ke kansa, tsagar da ka gani ke nan. Don haka ko da ka bi shawarar Malam Abu Fatima ka bar shi a toshe, ba za ka tsira daga aiki ba: dole a gyara yoyon, a sauya ruɓaɓɓen katakon, a tokare bulon a zare ƙarfen a sa sabuwar linta.

Silin ɗin da kafinta ya kwatanta yana iya zama na asbestos, wanda aka yi amfani da shi sosai a gine-ginen wancan lokaci. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, hatsarinsa kaɗan ne, amma idan aka yanka shi ko aka fasa, ƙurarsa tana jawo mugun ciwon huhu da ciwon daji bayan shekaru masu yawa, dalilin da ya sa Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Kada a sa masa zarto ko injin yanka. Idan dole a cire wani fefe a gefen bututun, a jiƙa shi a zare ƙusoshin a sauke shi ɗungurungum.

Idan kuma ka tsaya a kan mayar da shi aiki, sai an ɗora bututun ya ratsa kwano. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce ya haura wurin da ya ratsa rufin da ƙafa 3 aƙalla, ya kuma ɗara da ƙafa 2 a kan duk wani sashen rufi da ke cikin tazarar ƙafa 10, in ba haka ba iska tana iya tura hayaƙi ya dawo falo. Katako kada ya taɓa jikinsa, a bar tazarar inci 2. A naɗe gindinsa da kwano yadda ruwa ba zai bi ba, a yi masa hula da ragar ƙarfe, wadda za ta tare tsuntsaye da jemagun da Malam Abu Fatima yake tsoro. A gaban murhun kuma a duba ko tsohon daɓen yana nan ƙarƙashin tayil. A Ingila ana son ya fito santimita 50 daga bakin, kada leda ko kafet su matso wurin. Bayan duk wannan sai gwajin hayaƙi: a ɗumama bututun, a ƙona abu mai hayaƙi kaɗan, a rufe saman na ɗan lokaci, mutum ɗaya yana cikin silin wani yana ɗakin da ke bayan bangon, a ga ko yana tsiyaya ta wani wuri. Idan ya tsiyaya, sai an shafe cikin bututun ko an zura masa bututun ƙarfe.

Baba Birkila:
In ƙara abu ɗaya a kan na Injiniya. Idan an kai ga hura wuta, busasshen itace kawai, irin marke ko ƙirya da suka sha rana. Ɗanyen itace yana barin wani baƙin danƙo kamar kwalta a cikin bututu, yana taruwa, wata rana shi da kansa yake kamawa da wuta. Kuma wutar farko ta zama ƙarama, kwana biyu ko uku a jere, sabon ginin ya bushe a hankali.

Abu Fatima:
Na ji bayanin, kuma na yarda cewa barin sa yadda yake ba mafita ba ce tunda ƙarfen ya ci. Amma har yanzu ina kan ra'ayina game da ɗora bututu. A gyara linta, a kwashe dattin, a rufe samansa da raga yadda iska za ta riƙa ratsawa, a tsaya nan.

Baban Nana:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na zauna da yayyena da daddare mun karanta duk abin da kuka rubuta. Mun tsayar da cewa ba za a rushe tudun ba. A wannan zagayen za a gyara kwano da katako, a sauya ƙarfen, a kwashe cikin yadda Maman Sadiq ta ce, a buɗe bakin a wanke jan bulon. Ɗora bututu mun ɗaga shi sai mun ga abin da ya rage bayan an gama ɗakin Hajiya, domin shi muka sa a gaba. Babban yayanmu yana tare da Malam Abu Fatima, ni da gwaggo muna son mu ga wuta a cikinsa ko sau ɗaya ne a shekara. Abin da yake damuna shi ne tsakanin yanzu da lokacin, tunda bakin zai kasance a buɗe, wani baƙo ko yaro yana iya ganin murhu ya hura wuta ba mu nan.

Injiniya daga Gombe:
Damuwarka tana kan hanya. Bayan an kwashe cikin, a sa faifan ƙarfe a maƙogwaron murhun daga ciki, a ɗaure shi da ƙusa mai zare yadda za a iya kwance shi nan gaba, a huda masa ƙananan ramuka domin iska ta riƙa wucewa bututun ya bushe. Saman ma raga za a sa, kada a liƙe shi da siminti. Sannan a cika bakin da wani abu mai nauyi da ba a ɗagawa da sauƙi, kamar babbar randa, kuma a gaya wa duk mutanen gidan, har da mai gadi da masu aiki, cewa bututun bai fita waje ba. Ranar da za a zare tsohon ƙarfen ka turo mini hoton tsagar tukuna, in ga layi nawa na bulo ta haura, domin da shi za a san inda za a sa tokara.